Hammanjoda, Yau Kowa Ya Tsaya a Bayanka

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa zai koma, wani da wuri, wani bayan ya daɗe. Ranar Talata, goma sha biyu ga Agustan 2025, daidai da goma sha takwas ga Safar, Allah ya karɓi ran Bappa Hammanjoda Tsoho a gidansa da ke Hakkunde, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun farkon damina. Ina shagona a kasuwa ina auna wa wata mata yadi ɗansa Mahmoud ya kira ni. Bai iya ƙarasa maganar ba, ni ma ban nemi ya ƙarasa ba. Na ja ƙofar shago na tari ɗan acaɓa.

Bappa, ba jini ya haɗa mu ba. Mahaifina Bakatsine ne, fatauci ya kawo shi ƙasar nan, kai ka yanka masa fili a gefen gidanka ka ce ya kafa. Na tashi ina ce maka Bappa kamar 'ya'yan ƙannenka, ina cin tuwon matarka Goggo Ummusalma fiye da na gidanmu. Saboda haka ina ganin ina da bakin da zan yi maganarka, har in ɗan yi maka faɗa a inda ya kamata, tunda yanzu ba za ka katse ni ba.

Wanda bai san Hakkunde ba sai na yi masa bayani, domin rayuwarka duka a kan wannan suna ta ƙare. Da can Wuro Tsoho ake ce wa ƙauyen, da sunan mahaifinka. Yana bakin wani mayo, irin rafin nan da ke cika da damina ya koma yashi da rani, kuma mayon nan shi ne iyakar mazaɓu biyu. Ba zan kira su da sunansu na takarda ba, ba faɗa na zo nema a gidan makoki ba. Mu a baki Tudu muke cewa da Gangare. Dattawa ba su taɓa kafa dutse ko turke ba, sun ce mayo ne iyaka, magana ta ƙare. Ba wanda ya yi tunanin mayo zai iya tashi daga inda yake. Sai ga shekarar babban ruwa, can ƙarshen shekarun tamanin, ambaliya ta fasa sabuwar hanya ta bayan gidaje. Aka wayi gari ga tsohon mayo ta gabas, ga sabo ta yamma, ƙauye a tsakani. Fulani suka ce Hakkunde, wato tsakiya, suna ya bi gari.

Da aka zo rajistar masu zaɓe, mutanen Tudu suka ce sabon mayo ne iyaka, don haka ƙauyen nasu ne. Na Gangare suka ce tsoho ne iyaka, nasu ne. Masu rajistar Tudu suka riga zuwa, kuma suka zo ranar kasuwa, maza duk sun tafi Mubi da masara da gyaɗa. Suka kafa tebur a gindin tsamiya suka rubuta matan da suka tarar. Washegari na Gangare suka zo suka kwashe mazan. Ba wanda ya yi mugunta, kowa aikinsa ya yi ya tafi. Amma daga ranar miji ya zama ɗan wata mazaɓa, matarsa ta wata, suna kwana ɗaki ɗaya. Namiji guda ne ya faɗa rajistar mata, abokinka Elkana, manomin da iyayensa suka sauko daga dutse, don zazzaɓi ya hana shi zuwa kasuwa. Har tsufanku ba ka daina ce masa Elkana na layin mata ba.

Da farko abin dariya ne. Ya daina zama abin dariya ranar da aka je neman rijiya. Kansilan Tudu ya ce ai maza ne masu gari, kuma mazan 'yan Gangare ne. Na Gangare ya ce ai mata ne masu ɗibar ruwa, a je wurin wanda suka zaɓa. Haka aka yi da takin zamani, haka aka yi da 'yar kwalbatin da za ta sa mai naƙuda ta ƙetare cikin Agusta. In zaɓe ya matso kowa ya san hanyar Hakkunde, in ya wuce sai mayo ya yi zurfi. Kai ka fara faɗin abin da ke ciki: ƙuri'ar da aka raba biyu ba ta ba kowa tsoro. Buƙatarka guda ce tun daga lokacin, a sa ƙauyen duka a mazaɓa ɗaya, ko wacce ce, mutane su tsaya a layi ɗaya.

Shi ya sa ka fito takarar kansila a Gangare zamanin ƙato-bayan-ƙato, lokacin da ba a ɓoye ƙuri'a, kowa bayan ɗan takararsa yake tsayawa a ƙirga shi da rana tsaka. Zaɓena na farko ke nan, ina saurayi, kuma ina cikin layinka. Na ga Goggo Ummusalma ta taho cikin sabon zane, matan Hakkunde na biye da ita. Ta ratsa maza ta tsaya daidai bayanka. Wakilin abokin takararka ya ɗaga murya, malamin zaɓe ya zo ya duba katinta, ya ce ta yi haƙuri, sunanta na Tudu.

Ta ce, “Ɗana, wannan miji na ne fa.”

Ya ce ya sani, amma doka ba ta san wannan ba. Aka fitar da ita, aka fitar da sauran. Suka koma inuwa suka tsaya suna kallo har aka gama ƙirga. Ka faɗi zaɓe. Ba zan rantse da abin da bai faru ba, amma kowa a wurin ya ga tazarar da aka ba ka ba ta kai yawan matan da ke inuwar nan ba. Ka je ka yi wa wanda ya ci murna, ka dawo ka karɓi butar da ke hannun Goggo, kuka kama hanya kai da ita. Na daɗe ina tuna bayanku.

Da wani ne, da ya yi fushi ya watsar. Kai sai ka mai da ranar zaɓe ranar aikinka. Kana ɗaure shanu a amalanke tun da sassafe, ka kai tsofaffin mata Tudu, ka dawo ka kwashi tsofaffin maza zuwa Gangare, ba ka tambayar kowa wa zai zaɓa. Shekarar da ruwa ya yi sammako amalanke ta kasa ƙetarewa, a bayanka ka goya mahaifiyar Elkana, tana dukan kafaɗarka tana cewa ka bi a hankali, ita ba buhun dawa ba ce. Da aka raba Mubi gida biyu, Arewa da Kudu, ka ce tunda ana yankan ƙasa, wuƙar za ta biyo ta kanmu. Ta bi ta can nesa, ba ta san muna nan ba.

Bayan dawowar mulkin farar hula ka canza dabara. Ka ce in kai ba ka da mata, Elkana yana da su. Ka tsai da shi takara a Tudu, ka bi gida gida kana roƙa masa ƙuri'ar da kai ba ka da ikon jefa masa. Wasu sun yi gunaguni, wai alhaji na yi wa ɗan coci yawo. Ka ce ruwan mayo bai taɓa tambayar mai naƙuda inda take ibada ba. Elkana ya ci. Yakan yi dariya ya ce, “Ni mata ne ya zaɓe ni, Hamman kuma shi ne uwargida.” Ya kai maganar iyaka gaban majalisa, aka sa ranar saurare. Kafin ranar ta zo aka rushe majalisun aka naɗa kantomomi. Maganar ta kwanta a inda take, kuma daga baya shekarar gudu ta zo, mahara suka shigo Mubi, kowa ya bar gida yana neman inda zai sa kansa, ba mai zancen mazaɓa.

Nan ne zan yi maka faɗan da na ce. Da zamani ya kai mutum zai iya neman a mayar masa da katinsa wata rumfa, Mahmoud ya ce zai ɗauki mahaifiyarsa a babur ya kai ta a gyara mata, ko sau ɗaya ku tsaya tare. Ka hana. Ka ce in ka gyara gidanka kai kaɗai, da wane baki za ka yi maganar gidajen mutane? Ka ce masu abin so suke kowa ya lallaɓa ya gyara nasa a manta da iyakar, rijiya kuma ta ci gaba da zama ta ba kowa ba. Na ce maka taurin kai ne. Har yau ina ganin akwai taurin kai a ciki, Bappa. Goggo dai ta tashi ta shiga ɗaki. Na san kana da gaskiya, amma gaskiyar nan ita ta biya kuɗinta da shekarunta, ba kai kaɗai ba.

Sai shekarun baya kaɗan, da aka ce za a ƙara rumfunan zaɓe a ƙauyuka. Na ga ka koma yaro. Ka sa babbar riga, ka yi ta zirga-zirga zuwa cikin gari, ɗan acaɓa ya gaji kai ba ka gaji ba. Labari ya zo an ba Hakkunde akwati. Ka yanka rago. Da zaɓe ya zo sai ga akwati biyu, na Tudu a gindin tsamiya, na Gangare a harabar makaranta, tsakaninsu jifa guda. Aka ce ai an kawo mana sauƙi, ba mai sake ƙetare ruwa. Ka tsaya a tsakiya da sandarka, ka dubi wannan layi ka dubi wancan, ka yi dariya har tari ya sarƙe ka.

Ka ce, “Zailani, na roƙa a haɗa, an ba ni biyu. Ko Hausa na ne bai fita ba?”

Hausarka ta fita, Bappa. Ba a dai saurara ba. Ni ban yi dariya ranar nan ba, raina ne ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna sai ya ɓaci. Daga ranar ban sake ganinka da babbar rigar nan ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yaran da suka taso yanzu sun ɗauka haka Allah ya yi garin. Har an fara jin ɗan Tudu da ɗan Gangare a bakin 'ya'yan uwa ɗaya, suna faɗa a kan kansilolin da ba su san sunan kakansu ba.

Ranar da ka rasu mayo biyun duk a cike suke. Na ɗauka mutane kaɗan za su samu zuwa. Sai ga su suna tattare riguna suna ratsa ruwa har ƙugu, daga Tudu, daga Gangare, wasu daga Digil da Vimtim da Muchalla, waɗanda ka taɓa ɗauka a amalanke da 'ya'yan waɗanda ka ɗauka. Masallaci ya yi kaɗan, aka fito da kai fili, kuma filin da ya isa a garin shi ne wanda ke tsakanin tsamiya da makaranta. Aka shimfiɗe ka a gaba, liman ya tsaya, sahu ya miƙe daga inda ake ajiye akwatin Tudu har inda ake ajiye na Gangare. Elkana da mutanen cocinsu suka cire huluna suka jeru a baya. Ba wanda ya tambayi katin kowa. Da aka sallame Elkana ya dafa ni, ya ce, “Ka gani? Layi ya zama ɗaya. Shi ne kawai bai gani ba.”

Bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga cikin gida gaishe da Goggo. Tana zaune a kan tabarma cikin mata, carbi a hannu. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa, sannan ta matso da kanta kusa.

“Zailani, an ce mutane ya cika.”

“Sun cika, Goggo.”

“Tudu da Gangare duka?”

“Duka. Kowa ya tsaya a bayansa.”

“Ba wanda aka cire?”

“Babu ko ɗaya.”

Ta ci gaba da jan carbi. Mata ba sa fita sallar gawa a wurinmu, ta san haka, ba ƙorafi take yi ba. Ta gyaɗa kai ta ce, “Alhamdulillahi. Ni ne dai har yau ban samu shiga ba.”

Na yi mata sallama na miƙe. Na fito na zauna a dakalin ƙofar gidanka na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo Ummusalma, da 'ya'yanka Mahmoud da Juwairiya da Huda, da jikoki, da Baba Elkana wanda ya rasa abokin tsokana, da mutanen Hakkunde mazansu da matansu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kuma ba mu kunyar barin maganarka ta bi ka kabari.

Allah ya jiƙanka, Bappa Hammanjoda. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa kowane tsoho da ka ƙetarar ya zama shaida a gare ka. Ranar da za a tara kowa a fili guda, Allah ya sa kana cikin waɗanda aka yi wa rahama, Goggo na tsaye daidai bayanka, babu mai zuwa ya ce ta fita. Amin.

Zailani Kabiru, Mubi