Ruwan da Na Ɗebo wa Ɗan Kokawa

Ana sallame sallar asuba muka fita daga Zakka, mu huɗu da jaki ɗaya: ni, da maigidana, da ƙanena ɗan kokawa, da tsohon makaɗinsa mai ganga. 'Yan'uwa mata da muke ɗaukar karatu tare, kun dame ni da tambayar abin da ya kai matar aure kokawa har Batsari. To ga shi na rubuta muku.

Ba kallo ya kai ni ba, ruwa ya kai ni. Al'adar 'yan kokawarmu ce, in za su gamu da gwanayen wasu garuruwa bayan kaka, ba sa shan ruwan baƙon wuri, ba sa cin girkin baƙon hannu, don tsoron sammu. Mahaifiyarmu ce ke bin ƙanena da salkar ruwa da tukunya, da ta rasu aikin ya dawo kaina. Layun da yake ɗaurawa a damtse ban yarda da su ba, na sha gaya masa. Amma shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu, in ya ce ruwan gida yake so, ruwan gida zan ɗauka.

Hanya ta yi daɗi da safe. An gama yankan gero, dammuna jibge a gonaki, shanu sun shiga kara. A Safana muka tarar da nono ya yi araha, ƙwarya cike wuri goma, amma goro ya hau sama. Maigida ya taya, ya ji kuɗin, ya ce ai dama haƙoransa na son hutu.

Bayan Safana maza suka yi gaba, ni ina baya da jaki. Nan na iske wasu mata biyu a gindin marke, ɗaya riƙe da jinjiri, leɓensa ya bushe, ko kuka ya kasa. Ban tsaya tunani ba na kwance salkar. Suka sha, suka ɗiga masa, suka shafe masa jiki. Kafin in ankara salka ta lafe, saura ɗan abin da ke ƙasa.

Da azahar muka yada zango a wani kufai. Ganuwa ta zube, kukoki tsaye, ga duwatsun murhu uku-uku inda gidaje suke a da. Ko kukan kurciya babu. Makaɗin ya ce mahara ne suka cinye garin tun yana saurayi, ya kuma ƙi zama, a tsaye ya ci ƙulinsa. Da na kewaya bayan ganuwa sai ga rijiya, da guga a bakinta, igiyar a jiƙe. Na duba gabas da yamma, ba sawun kowa. Na yi bismilla na ja, ruwa garau mai sanyi. Na cika salkar, na ce a raina ruwa duk na Allah ne, ban gaya wa kowa ba.

Mun shiga Batsari gab da magariba. Da wannan ruwan na tuƙa wa ƙanena tuwo, shi ya sha da safe. Ya ce, "Yaya, yau ruwanmu har wani zaƙi yake." Na sunkuyar da kai.

Bayan la'asar aka buɗe fage. Gidan da muka sauka yana bakin filin, ta ɓular darni na yi kallona. Gwanayen Safana da na ƙauyukan bakin daji suka yi ta kayar da juna, kowa da takensa, wato kiɗan da ake kiransa da shi. Da rana ta yi sanyi sai ya rage saura biyu: ƙanena, da gwanin garin Ruma, wani ƙato wanda aka ce bayansa bai taɓa taɓa ƙasa ba.

Kun san ƙanena gajere ne, da taɗiya yake kaye, bai taɓa ɗaga mutum sama ba. Makaɗin ya buga takensa, bai motsa ba. Ya sake bugawa, yana zaune kamar ba da shi ake ba. Can sai na ji gangar ta canza murya, wani kiɗa mai nauyi, a hankali, wanda ban taɓa ji ba. Ƙanena ya miƙe ya shiga fage yana ɗingishi da ƙafar hagu, shi da ko ƙaya ba ta soke shi ba. Samari na ihu, amma tsofaffin da ke gaba duk suka yi tsit. Aka kama. Ban gama ƙifta ido ba ƙanena ya cicciɓi ƙaton nan, ya riƙe shi sama, ya kwantar da shi a hankali kamar mai ajiye damin gero. Aka yafa masa riga mai aiki, aka ba shi rago. Ko murmushi bai yi ba.

Makaɗin ya zo ƙofar gida ya same ni. Ya ce, "Ɗiyata, taken nan ba ni na yi niyyarsa ba. Na gwanin kufan nan ne, gurgu ne, a bakin rijiyar garinsu aka kashe shi. Mi yaron nan ya ci?" Na ce tuwona. Ban ƙara ba, Allah ya yafe mini.

Da safe muka juyo. Ƙanena yana gaba yana ɗingishi. Muna isa kufan ya saki hanya ya nufi ganuwa. Maigida ya kira shi, ya ce ina zuwa? Bai waiwayo ba ya ce, "Gida."

Nan na faɗi komai, matan nan, da jinjirin, da rijiyar. Maigida bai yi mini faɗa ba, ya kama karatu da ƙarfi yana bin sa. Muka same shi zaune a bakin rijiyar, ƙafafunsa a ciki. Guga kuwa babu, ko igiya babu. Na kwance salkar na juye sauran ruwan a inda na ɗebo shi. Na riƙe masa hannu, na ce, "Auta, ni ce na shayar da kai, ban faɗa maka ba. Tashi mu je, gero na gona ba a kwashe ba." Makaɗin ya daure ya buga takensa na gaskiya, na Zakka. Sau uku ya buga. A na ukun ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, me ya sa kike kuka? An fara kokawar ne?"

Da aka ba shi labari, ya tuɓe rigar ya naɗe ta a bakin rijiyar, ya ce ba tasa ba ce. Ragon kuwa ya ba makaɗi. Tafiyarsa ta miƙe kafin mu kai Safana, inda ya shanye ƙwaryar furar baƙon hannu bai tambayi wadda ta dama ba.

Mun iso Zakka ana kiran magariba, mata na guɗa, shi kuwa ya ce a daina. Aljani ne, ko rana ce ta buge shi, Allah ne masani, ni ban yanke ba. Abin da na koya dai, ba da ruwan ba laifi ba ne, gobe ma zan bayar. Laifina shirun da na yi, har na kusa biyan sa da ɗan'uwana.

Shekaranjiya gwanin Ruma ya aiko. Ya ce ya san hannun ɗan Zakka, wannan ba shi ba ne, a nuna masa wanda ya kayar da shi su sake gamuwa. Maigida ya ba ɗan aiken fura, ya ce ya koma ya gaya wa gwanin ya gode wa Allah da aka ajiye shi a hankali.