Makon da Jikana Bai Yi Kashi Ba

Jikana na fari ta wajen ɗana yana da wata biyu da 'yan kwanaki lokacin da kashi ya ɗauke masa. Uwarsa ta gama wankan jego a gidansu, ta dawo ɗakinta a Unguwar Gano, ni kuwa ina Gyaɗi-Gyaɗi, a gidan da marigayi maigidana ya bar mana. Uban yaron adaidaita sahu yake ja, don haka duk ranar da na ce zan je ganin angon nawa, wato jikan, sai ya biyo ya ɗauke ni kafin ya fara aiki.

Wata Laraba ina zaune a tsakar gidansu, na lura kunzugun da ke kan igiyar shanya duk farare ne tas. Da can yaron nan yana sakin nono zai saki wani abin, har ina tsokanarsa cewa ni ba zan zauna da miji mai zawo ba. Na tambayi matar ɗana, ta sunkuyar da kai.

"Inna, ai tun ranar Asabar bai yi ba."

"Tun Asabar? Kike zaune? Ruwa fa, kina ba shi?"

"A wajen awo sun ce nono zalla har wata shida."

"Su da suka faɗa, su za su riƙe miki shi idan ciki ya kumbura?"

Ban jira amsa ba. Na yafa mayafi na fita wajen wata mai sayar da saiwoyi a bakin layi, na karɓo ganyen filasko mai wanke ciki, na dawo na jiƙa a kofi. Na sami sabulu na fere shi siriri kamar ƙwallon dabino, wanda za a tura wa yaro ta ƙasa. Haka uwata ta yi mana, haka na yi wa nawa. A wajenmu jariri ya kwana biyu bai yi kashi ba, ciki ya ɗaure ke nan, ba a jiran na uku.

Matar ɗana ba ta yi mini musu ba, don ba tarbiyyarta ba ce ta ce wa uwar miji a'a. Sai ta goya shi, ta ce ya yi barci. Da ya farka ta ce bari ya sha nono tukuna. Da ya gama ta ce ai yanzu ya ƙoshi, zai yi amai. Na gane jan ƙafa take yi, raina ya ɓaci, amma ban san ta riga ta kira maƙwabciyarsu a waya ba.

Maƙwabciyar nas ce, a ɓangaren yara take aiki a babban asibiti. Wajen la'asar ta yi sallama, farin kayan aikinta na leƙowa ta ƙasan hijabi.

"Inna, ina wuni? An ce angonki ya shiga yajin aiki."

"Ke dai bari, 'yar nan. Ci yake kamar gara, ba ya fitarwa."

Ta wanke hannu, ta kwantar da shi a cinyarta, ta danna cikin a hankali. Yaron ya yi ta wutsil-wutsil da ƙafa, ya saki tusa mai ƙara.

"To ga shi ya gaishe ki," in ji ta. "Hanya a buɗe take."

Ta tambayi uwar ko yana kama nono sosai, ko yana jiƙa kunzugu da fitsari sau da yawa, ko ya yi amai ko zazzaɓi, da kuma yadda kashinsa na ƙarshe ya kasance. Uwar ta ce nono da fitsari lafiya lau, babu amai babu zazzaɓi, kashin kuma mai laushi ne. Sai ta juyo gare ni. Ta ce a makonnin farko jariri yakan yi kusan duk bayan shan nono, kuma a lokacin ne rashin yi yake zama abin dubawa. Amma idan ya haura wata guda, mai shan nono zalla yana iya yin kwanaki, wani har mako, don jiki na shanye kusan duk nonon, abin da ya rage kaɗan ne. Ta ce kada mu tsaya ƙirga kwana kawai, mu dubi yaron. Idan ciki ya kumbura ya yi tauri, ko ya ƙi nono, ko ya yi amai kore, ko kashin ya fito da tauri kamar na akuya ko da jini, to a tafi asibiti nan take. Idan ya fara cin abinci kuma lissafin zai sake, wani yaron sau biyu a rana, wani sai ya tsallake rana guda.

Tana miƙa shi ga uwarsa idonta ya faɗa kan kofin.

"Inna, wannan fa?"

"Filasko ne. Ɗan kaɗan zan ɗiga masa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Inna, ko Baban yaron nan ya sha wannan, yau ba zai ja keke ba. Shi kuwa duka jikinsa nawa yake? Sabulun ma ƙona masa wajen zai yi."

A nan ne 'yata ta biyu ta faɗo mini a rai. Tana kamar waɗannan watanni na ba ta irin wannan ruwan, saboda ta kwana uku ba ta yi ba. Ta yi ta zawo har maɗigarta ta faɗa, idanu suka zurma, sai da aka yi mata ƙarin ruwa a asibiti. Mutane suka ce iska ce, na bar su a haka, ko ubanta ban gaya wa abin da na ba ta ba. Allah ya raya ta, yau tana Hotoro da 'ya'yanta. Duk shekarun nan ina cewa a raina hannuna ne ya yi nauyi wajen auna maganin. Sai a ranar na gane lafiyarta ƙalau take kafin in taɓa ta.

Na tashi na zubar da ruwan a makwarara da hannuna. Matar ɗana ta yi kamar ba ta gani ba, na kuma gode mata a zuci.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Washegari na dawo, na yi ta shafa cikinsa ina jin ko ya yi tauri. Bai yi ba, nono yake sha yana barci abinsa. Ranar Juma'a da hantsi, na sa sabuwar atamfata na koma gidan, an yi masa wanka an miƙo mini shi in shafa masa mai. Yana kan cinyata tsirara sai fuskarsa ta yi ja, ya yi nishi sau ɗaya. Abin ya zo gaba ɗaya, rawaya, mai laushi kamar miyar taushe, ya gangara tun daga cinyata har idon sawu.

Matar ɗana ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Yi dariyarki, 'yar nan," na ce. "Mijina ne, ya san inda zai ajiye kayansa."

Uban ya shigo daidai lokacin don ya mayar da ni gida kafin masallaci. Ya dube ni, ya dubi ɗansa.

"Inna, ba dai haka za ki shiga mini keke ba?"

Na ce ya tafi, yau a nan zan wuni. Uwar ta ba ni aron zani, ta miƙo hannu za ta karɓi atamfar, na hana ta. Ni na wanke ta a bakin famfo, ina ta hamdala, yaron kuwa ya riga ya koma kan nono.