Waƙar da Malam Ilyasu ya ƙi ajiyewa

Lahadin farko bayan an binne mijinta, Tsahara ta zo sujada da niyyar ba za ta yi kuka ba. Ana shiga waƙa ta biyu niyyar ta warware. Malam Ilyasu, mai ba da waƙa a ƙaramar majami'arsu ta unguwar Zariya, ya hango ta daga gaba. Sai ya ɗaga hannu ya maimaita amshi, ya sake maimaitawa, ya sa mata masu buga tulu suka ƙara ƙarfi, har ta gama ta share fuska ba wanda ya ji shessheƙarta. Fasto Zakariya'u kuwa sai duban agogo yake.

Alherin nan ne ya ɗaure ta. In ba don shi ba, da tuni ta bi sahun masu cewa a sauke mutumin nan, don wuyar sha'ani gare shi. Manomin lambu ne a Jiratawa, da laka a bakin wando yake isowa sujada. Zumuntar mata su yi mako guda suna koyon waƙa, ya zo ya dubi fuskokin jama'a ya ce, "Yau ba ranarta ba ce," ya ɗauko wata. In ya ɗaga murya kuma, can sama yake kai ta, tsofaffi su bi shi da tari.

Akwai waƙar da ya fi so. Shi ya haɗa ta tun yana saurayi a Tsibiri: ya ɗauki karin waƙar daka ta kakarsa, ya ɗora mata kalmomin godiya ga Ubangiji. Ba ta cikin littafi, a bakin mutane take.

Bayan babban taron ƙasa jam'iyyu suka cika gari. Mawaƙan wata jam'iyya suka ɗauki wannan kari, suka zuba masa kirarin ɗan takararsu da zambo ga abokan hamayya. Kaset ya bazu, daga teburin mai shayi har bakin 'yan kabu-kabu. Kowa a majami'a ya san haka, har Ilyasu. Amma ranar Lahadi ya gyara murya ya ɗaga ta. Samarin baya suka kama tafi irin na mitin. Idirisa tela, wanda yake ɗaya jam'iyyar, ya tashi da iyalinsa kaf suka fice.

Dattawa suka kira Ilyasu ƙarƙashin itacen bedi.

"Malam, ka aje ta har zaɓe ya wuce," in ji Fasto.

"Ni ka ajewa? Ni na sata ko su? Ku tai ku ce ma parti ta aje."

"Parti ba ta jin maganarmu."

"To, Wanda nike yi ma yana ji."

Tsahara ba mai magana ba ce, amma ranar ta tare shi yana kwance kekensa. "Haba Malam, ga waƙoƙi cike da littafi. Mu nawa ne duka a garin nan da za mu rabu kan guda?"

"Uwar Hidaya, har da ke? In na yi shiru tasu ta zama."

Lahadin da ta biyo ya sake ɗaga ta. Aka sauke shi, aka ba wani malamin lakwal, wato makarantar boko, aikin. Ilyasu bai yi fushi ya bar zuwa ba, da ma ya yi hakan da an huta. Ya koma bencin baya yana rera kowace waƙa da ƙarfi fiye da sabon, yana buga ƙafa in an ja ta da yawa.

Zaɓe ya wuce, wani ya zo, sojoji suka karɓi mulki, kaset ɗin ya ɓace. Idirisa ya dawo bencinsa. Waƙar dai ba wanda ya sake ɗagawa, kowa na tsoron tono rigima. Abin da ya fi ci wa Tsahara rai, in ta ji yaran ekklesiya suna rera karin a lungu, kalmomin jam'iyya suke sa masa. Na godiyar ba su taɓa ji ba. Ashe mai taurin kan ya san abin da yake faɗi, wannan ma ya ƙara mata haushi.

Wata la'asar tana daka Ilyasu ya yi sallama, da tumatir a bayan keke. Muryarsa ta dushe, ƙurar lambu da tsufa sun cinye ta. Ya tsaya yana sauraron taɓarya.

"Kin riƙe baitocin duka?"

"Wa zai manta, yadda ka riƙa dafa mu da ita?"

"To. Ni an hana ni, kuma wuyan ya ƙi. Ban ce ki yi ta a majami'a ba. Ki riƙa yin ta nan bakin turmi, inda aka ɗauko ta, jikokinki su ji. Amma don Allah, Uwar Hidaya, kar ki ja ta kamar ta makoki. Kuma ki ɗaga ta sama."