Fiyanon Kalambaina

Mu uku ne, dukanmu ma'aikata a kamfanin siminti na Kalambaina, a shekarun da soja ke mulki, arzikin mai ya sa kowa gini. Ni ke da fiyano, wani ɗan siriri mai batir da kawuna ya zo mini da shi daga aikin hajji. Abokina direban tifa shi ke kaɗa jita, ɗayan kuma, makaniki ne, Allah ya ba shi murya.

In an tashi aiki da la'asar mukan taru a zauren makanikin a unguwar Mabera. Mun daɗe muna kwaikwayon kiɗan Turawa da muke ji a kaset, ba mai tsayawa ya saurare mu. Wata rana direban ya ce mu bar wannan, mu yi waƙar lodin siminti, irin amshin da lebura ke yi in suna jefa buhu a mota. Na nemo sautin a fiyano, na sa masa wannan gangar da ke cikin na'urar. Kafin mu gama, mata sun leƙo ta kan katanga.

Wani ma'aikacin gidan rediyo ya ɗauki waƙar a kaset, ya saka a shirin gaishe-gaishe. Ba a jima ba sai ga ta a tasha, a shagon tela, a bakin 'yan tireda.

Mahaifina hatsi yake sayarwa a kasuwa, kuma bai taɓa son kiɗan nan ba, cewa yake gidanmu ba a roƙo. Wata rana na je gaishe shi a rumfarsa, sai rediyon maƙwabcinsa ya sako waƙar. Na sunkuyar da kai. Maƙwabcin ya tambaye shi ko ya san mai wannan kiɗa. Baba ya ci gaba da awon gero, ya ce, "Ɗana na." Sannan ya sa aka kawo mini fura.

Da ƙaramar salla aka gayyace mu wasa a filin wata makaranta a unguwar Arkilla. Leburorin kamfani suka zo cike da tifa, farar ƙura a gashinsu. Makanikin bai ma buɗe baki ba suka karɓe amshin. Na bi su a baya da fiyano har muka kai ƙarshe, suka ce a sake.