Tururuwar da Gwaggona Ta Jefa a Nonona

Shekarun baya, tun muna cirar auduga a hawashar mahaifina, wato gonarsa, kusa da garin Kamlin a yankin Jazira, na samu cikin fari. A lokacin gwamnati ta aiko mana da ungozoma mai horo, wadda Larabawa ke kira daya. Duk Talata take zuwa a kan jaki, da akwatin ƙarfe a gabanta. Balarabiya ce, amma ta tsinci Hausa a bakin matan ƙauyenmu.

Ran da ta fara ganina, cikina ya kusa taɓa haɓata. Ta ce, "Ya bitti, 'yata, wata nawa?" Kun san kunyar ɗan fari irin tamu. Na dube ta ido cikin ido na ce, "Ni? Ba ni da komai, kisra ce, wainar dawar nan, na ci da yawa." Ta yi dariya har da riƙe jaki, ta ce to za ta riƙa zuwa duba kisrar.

Na haihu a gidanmu da hantsi, ban ko yi nishi ba, kuma har yau ina taƙama da hakan. Ɗiya mace. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ce mai kula da jegona, kuma ba a ja da ita. A al'adarmu ba a ba jariri dakashi, nonon farko mai kauri ɗin nan, sai an gwada. Ta tatsi kaɗan a ludayi, ta jefa tururuwa. Tururuwa ta yi ta mutsu-mutsu, ta nutse. Gwaggo ta ce, "Mugun nono ne. Ba ta shan shi." Aka koma ba jaririyar nonon akuya da ruwan tulu, wanda muke ɗebowa daga hanyar ruwan gona.

Kwana biyu, zawo ya kama ta. Na uku, maɗigarta ta lotsa, kukan ma ta daina. Ni kuwa ƙirjina kamar dutse don cikar nono, ina zaune na juya mata baya, wai kunya. Ina satar kallonta ta gefen mayafi, ba halin in ɗauka.

Talata ta yi, daya ta shigo. Ta taɓa kan yarinyar, ta ji labarin tururuwa. Na zaci faɗa za ta yi. Ina! Sai ta durƙusa gaban Gwaggo ta ce, "Hajja, koya mini gwajin nan, ba a koya mana ba." Gwaggo ta gyara zama, ta kawo ludayi. Daya ta ce, "Mu fara da na akuyar." Aka zuba, aka jefa tururuwa. Ta nutse. Aka sake wata. Ta nutse.

Kowa ya leƙa ludayin. Can Gwaggo ta ce, "Kai, tururuwan Jazira ba su iya iyo ba!" Daya ta ce, "Wallahi gaskiyarki, Hajja. To tun da duka ɗaya ne, a ba ta na uwarta, a tafasa ruwan sha kuma."

Ta roƙi Gwaggo ta je ta duba ruwan wankan jego, ta ja ƙofa. Ta ɗora mini yarinyar a cinya ta ce, "Ba mai ganinki, ni ma bango nake kallo." Da ƙyar yarinyar ta kama nonon. Da ta ja na farko, ni da ban yi kuka a naƙuda ba, ranar na yi. Kwana bakwai daya tana zuwa, ba Talata ba Laraba.

Ban yi makaranta ba, amma a wurin matar nan na koyi yadda ake gyara babba ba tare da an zubar masa da girma ba. Gwaggo har ta rasu tana cewa ita ta gano laifin akuyar, ba wanda ya musa mata.

Ɗiyar tawa, wadda har yau ban kiran sunanta, jiya ta zo daga Rufa'a da furfura a kanta, tana yi mini faɗa kan yawan sukari a shayi. Na ƙyale ta ta yi ta yi. Ba ta san akwai ranar da nake roƙon Allah ta buɗe bakin nan ko da kuka ne ba.