Awon Hanci a Ɗakin Karatu

Shekara biyu ko uku kafin mulkin kai aka ɗora mini aikin tafinta a ɗakin karatu na garin Bauchi. Na ɗan koyi karanta labarai irin na rediyo, inda aka hore mu da faɗin abin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi. Saboda haka duk masanin da ya zo ba da lacca, ni ke tsayawa a gefensa.

A shekarar wani Bature ya zo daga wata jami'a ta kudu, zai yi lacca uku a kwana uku, bayan la'asar. Ta farko a kan tarihi ce, ta wuce lafiya. Malaman makaranta da akawuna suna rubutu, 'yan kasuwa a baya suna gyangyaɗi.

Rana ta biyu ya ɗauko zancen jinsin mutane. Ya ce mutanen ƙasar nan iri biyu ne, waɗanda aka tarar a nan ba su da komai, da waɗanda suka zo daga gabas da shanu da sarauta, kuma ana gane su ta hanci da ƙoƙon kai. Ya zaro wani ƙarfe mai kama da awartaki, ya dubi jama'a, ya nuna mutum biyu su taso. Na san su. Teloli ne na kasuwar Wunti, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, shagonsu ɗaya. Ya auna hancin kowa, ya rubuta a allo, ya tsai da wan a damansa, ƙanen a hagunsa. Sannan ya ce mu duba da kyau, waɗannan biyun jininsu bai taɓa haɗuwa ba. Na faɗa da Hausa yadda ya faɗa.

Can wani ya tuntsire da dariya daga baya, wasu suka taya shi. Baturen ya ɗauka laccar ce ta yi daɗi, ya yi murmushi. Ina iya raɗa masa a kunne a lokacin. Ban yi ba. Ban ga hakan cikin aikina ba, kuma gaskiya kaina ya ɗaure: ni na san gidansu, shi kuwa ga ƙarfe ga littafi.

Kafin hantsi washegari zancen ya cika Wunti. Mai kawo ɗinki sai ya miƙa wa ƙanen yadi, ya ce in ya gama da kafaɗa ya haɗa masa da hanci. Wannan wasa ne. Abin da ba wasa ba, wasu suka tuna cewa marigayi ubansu ya daɗe a haƙar kuza wajen Jos a shekarar da aka haifi ƙanen. Ba wanda ya taɓa lissafa watanni, ranar aka fara. Mahaifiyarsu kuwa tana raye, tana zaune a Tirwun, can bayan gari.

Kafin azahar ƙanen ya same ni a ofis. Bai zauna ba.

"Malam, abin da ya faɗa ke nan, ko kai ka gyara masa?"

Na ce abin da ya faɗa ke nan.

"Ni kullum awon mutane nake yi, wuya, hannu, ƙugu. Ban taɓa ganin uban wani a jikin tef ba. Ka ce masa ya janye, a gaban waɗanda ya faɗa wa. Kafin maganar ta kai wa Inna."

Lacca ta uku a kan zane da sassaƙa ce. Aka rufe tagogi da barguna, aka kunna majigi. Baturen ya nuna shanu masu dogayen ƙaho da aka zana a jikin dutse, da kawunan yumɓu da aka tono a ƙasa. Ya ce mutanen farko ne suka gina kawunan, ya yi ta yabonsu har ya ce ba a yi gwanaye kamarsu ba. Jiya su ne aka tarar ba su da komai, yau su ne gwanaye. Ina fassarawa ina neman inda zancen jiya ya haɗu da na yau, ban samu ba.

Da aka zo tambayoyi na juya na gaya masa da Turanci, a natse, cewa mutanen da ya auna ciki ɗaya suka fito. Kunnuwansa suka yi ja. Sai ya ce wannan abin sha'awa ne ƙwarai. Ilimi, in ji shi, yana magana ne a kan al'umma a dunƙule, ba gida ɗaya ba. Awon daidai ne, 'yan'uwantakar ma daidai ce. Ya tambaya ko za su yarda ya ɗauki hotonsu. Duk na faɗa da Hausa.

Wani dattijo mai sayar da huluna ya ɗaga sanda.

"Malam tafinta, mu ba 'yan boko ba ne. Ya janye ko bai janye ba?"

Ba wanda ya dubi Baturen, ni kowa ke kallo. Ƙanen yana tsaye jikin ƙofa, wansa ya sunkuyar da kai. Na sake bin jimlolin a zuci, ban ji janyewa a ciki ba, ban kuma ji ya tsaya a kan bakansa ba.

Na ce, "Baba, ya ce duka biyu gaskiya ne."

Aka yi ta duban juna. Dattijon ya ce shi dai bai gane ba, na ce nima haka. Ƙanen ya ɗaga bargon da ke ƙofa ya fita.

Bayan mako guda ƙanen ya ɗora kekensa na ɗinki a kan jaki ya koma Tirwun, ya kafa shi a zauren gidan da mahaifiyarsa take. Ban san ko maganar ta riga shi zuwa ba. Mun yi ta haɗuwa shekaru bayan haka, a kasuwa ko wajen jana'iza. Yakan gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya wuce.