Tayoyin Motar Lauya

Osumanu mijin yayata Awabu ne, kuma ban taɓa ganin ya gama cin tuwo a zaune ba. Ya sauka unguwar Nima daga Salaga a 1953, a bayan motar doya. Ya yi dako, ya yi gadi a Kotobabi, ya sayar da kananzir, ya yi yaron mota. Babu aikin da ya ga damina biyu a hannunsa, sai yankan takalmin taya a bakin babbar kwatar Nima. A nan ya san taya ciki da waje, domin sai ka farke cikinta kafin ka fitar da takalmi. Daga nan ya koyi faci.

A 1964 wani Bayarabe mai gareji a Adabraka, Jamiu, ya ɗauke shi aikin taya. Ran da zai fara, Awabu ta gaya masa a gabana cewa wannan ne na ƙarshe. In ya rabu da shi, za ta kwashe yara uku ta koma Salaga. Yayata ba ta maimaita magana.

Ya yi wata goma sha ɗaya. Ni a lokacin ina buga tafireta a wani ofis kusa da garejin, ni ke biyo masa da abincin rana. Yana son aikin, ko da yake ko a can bai iya tsayawa wuri ɗaya ba. In babu mota, sai ya sauke tayoyin da ya jera ya sake jera su.

A shekarar nan, taya ta yi wuya a gari. Direbobin tasi suna ta yin faci a kan faci. Wata Laraba, cikin ruwan Yuni, wani lauya ya shigo da jar motar tsere, kujera biyu, ba rufi, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Ya samo sababbin tayoyi biyu daga Tema, irin masu waya a ciki. Na kan motar duk masu zare ne, sun sha hanya.

Osumanu ba ya karanta boko. Ya kira ni.

"Lamisi, me aka rubuta a nan?"

"Ɗari da sittin da biyar, sai goma sha biyar."

"Tsohuwar fa?"

"Biyar da ɗigo casa'in, sai goma sha biyar."

Ya auna faɗin kowace da taƙinsa, ya danna gefensu da babban yatsa. Ya ce bakinsu ɗaya ne, za su hau. Sai lauyan ya ce a sa sababbin a gaba.

"Ranka ya daɗe, a baya za su zauna," in ji Osumanu.

"Gaba ce ke juya mota, gaba ce ake gani."

"Mai waya tana kama kwalta, mai zare tana sulɓewa. In gaba ta kama, baya ya sulɓe a kwana, gindin motar zai wuce kanta. Ko a sa su baya, ko a nemo masu zare huɗu."

Lauyan ya dubi Jamiu yana dariya. "Ina ka samo wannan injiniya?"

"Bakin kwata," in ji Jamiu. "Takalmi yake yanka. Osumanu, motarka ce?"

"Ba tawa ba ce, Masta."

"Ko ta babanka?"

"Babana jaki ma aro yake yi."

"To ka sa inda mai ita ya ce."

Suka tafi cin abinci, suka bar shi da motar. Ya ɗaga gaba da jak, ya sauke. Ya zagaya motar, ya fita titi, ya dawo. Ya ce mini ya taɓa ganin wata tasi da aka yi wa haka ta juya sau biyu a hanyar Aburi. Na ce masa wannan ba tasi ba ce, kuma lauyan ba yaro ba ne. Na tuna masa da Awabu. Ya ce ya sani, kada in dame shi. Ya ɗauki kwanon shinkafa ya ajiye bai buɗe ba. Sannan ya ja jak zuwa baya.

Da suka dawo, lauyan bai yi faɗa ba. Ya ce kawai ba zai sake kawo motarsa wurin da ba a jin magana ba. Jamiu ya karɓi sifana daga hannun Osumanu ya nuna masa ƙofa, ya zauna da kansa ya mayar da tayoyin gaba. Ban san abin da ya sami motar daga baya ba. Na gan ta sau biyu a gari, lafiya lau.

Osumanu bai hau turoturo, motar haya, ba. Da ƙafa ya tafi, ya bi ta Kotobabi, ya ratsa Maamobi, sai la'asar sakaliya ya shigo gida. Awabu tana tankaɗen garin masara.

"Baban Zelia, yau da wuri?"

"Korata aka yi. Wannan karon ba ni na bari ba."

"Na ji. A tukunya duk ɗaya ne."

Ran Juma'a ta ɗaure kaya. Muka raka ta inda motocin doya ke lodin komawa arewa. Bai roƙe ta ba. Ya ɗora yaran, ya sauko, ya shiga zagaya motar yana bugun tayoyi da dunƙulen hannu. A ta baya ta hagu ya tsaya, ya ce wa direba wannan ba za ta kai Kumasi ba. Direba ya zage shi, fasinjoji suka taya direba. Osumanu ya kwanta cikin laka ya kwance ta da kansa, ya ɗaura safaya. Motar ta makara awa biyu. Awabu tana zaune a sama da Zelia a cinya, ba ta leƙo ba.

Ba ta dawo ba. Shi ya koma faci a gefen titin Maamobi, yana canza wurin zama duk bayan 'yan watanni, har masu mota suka gaji da nemansa. Ya rasu a 1969, a hanyar Bawku, inda ya tafi neman wani aikin.